Da Wace Tiya Ake Auna Rufin Asiri?

 

Ya ku ƴan'uwa, tun bayan da bankin raya ƙasa na BDRN ya durƙushe a 1990, kuma aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, talakan ƙasar nan ya koma neman jari a ƙananan gidajen ajiya da rance, waɗanda suka yaɗu daga Yamai zuwa Tawa, daga Maraɗi zuwa Damagaram. Mafi yawan masu zuwa ƙofarsu mata ne: mai man gujiya da ƙuli-ƙuli, mai tuyar ƙosai, mai turkar rago don layya, mai sarin hatsi da kaka ta sayar da bazara. Idan shekara ta ƙare, shugabannin waɗannan gidaje sukan tara jama'a su karanta rahoto, su ce mun ba mutum kaza rance, mun fitar da miliyan kaza, kuma kusan kowa ya biya a kan lokaci. Sai a tafa, a yi addu'a, a watse. Tambayar da muke so mu tsaya a kanta ita ce wadda ba a cika yi ba a irin wannan taro: matar nan da ta biya, shin gidanta ya fi lafiya a yau bisa ga ranar da ta karɓi kuɗin? In kuwa ana son a sani, da wace tiya za a auna, kuma wa zai riƙe tiyar?

Kalmar lafiya a bakin Bahaushe tana da faɗi. Ta haɗa lafiyar jiki da kwanciyar rai da zaman gida ba tashin hankali. Akwai kuma wata kalma da ta fi ta kusa da abin da talaka yake nema in ya ci bashi, ita ce rufin asiri. Ba ya cewa yana son ya zama attajiri. Yana son a ɗora tukunya a gidansa safe da dare ba tare da maƙwabci ya san yadda aka yi ba, in yaro ya kwanta a kai shi likita ba tare da an bi gida gida ana roƙo ba, in haihuwa ta zo a yanka abin suna. To a nan wuyar al'amarin take. Abin da ake son a auna, asalinsa rufi ne. Shi kuwa awo, sai an buɗe ake yin sa.

Mu fara da ma'aunin da yake hannu. Kowane gidan rance yana lissafin abin da masu aikin suke kira bashin da ke cikin haɗari, wato jimlar kuɗin da ke hannun waɗanda suka wuce ranar biya da kwana 30 ko kwana 90. Babban bankin ƙasashen sefa yana bin wannan lissafi, kuma yana da gaskiya, domin kuɗin da ake rantawa sau da yawa ajiyar wasu talakawan ce, ajiya kuwa amana ce. Shari'a ba ta wasa da bashi. Ayar da ta fi kowace aya tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka, kuma hadisi ya ƙidaya jinkirin mawadaci wajen biya a cikin zalunci. Saboda haka ba mu zo mu ce a daina ƙirga masu biya ba. Abin da muke cewa shi ne, wannan lissafi jijiyar mai ba da bashi yake taɓawa. Yana gaya mana ko gidan rance zai kai baɗi. Game da tukunyar wadda ta ci bashin, bai ce komai ba.

Domin biya hanyoyi gare shi. Akwai wadda ta biya daga ribar sana'arta, wannan ita ce ake nufi tun farko, kuma muna yi mata murna. Akwai wadda ranar biya ta zo mata alhali ƙosai bai yi kasuwa ba, sai ta kwance akuyar da take madogararta ta kai kasuwa a farashin gaggawa. Akwai wadda ta sauke kwanonin jerenta ɗaya bayan ɗaya. Akwai wadda ta ranto a wancan gida ta biya wannan, ta haƙa rami don ta cike rami. Akwai wadda yaronta ya kwana uku da masassara ta riƙe kuɗin mota da na magani don kada ta je taron mako hannu wofi, tana ba shi jiƙo tana fatan sauƙi. Akwai wadda ta cire ɗiyarta daga makaranta ta aza mata farantin talla har bayan isha'i. Dukansu a littafin akawu layi ɗaya suke, an rubuta a gabansu: ta biya.

Kuma tsarin kansa yana tura su ga haka. Da yake talaka ba shi da jingina, sai aka mai da ƴan ƙungiya jinginar juna, in ɗaya ta kasa sauran su cika, ko a hana su duka rance na gaba. A wasu wurare ba a tashi daga tabarma sai kuɗin sun cika. Wanda ya san mutanenmu ya san cewa abin da aka jinginar a nan kunya ce, kuma mace ta gwammace ta kwana da yunwa da a ambaci sunanta a gaban kishiya da maƙwabta a ce ita ta riƙe mutane. Saboda haka yawan biya yana iya zama shaidar albarkar sana'a, yana kuma iya zama shaidar tsananin kunya, alƙalami kuwa ba ya bambancewa.

Wannan ba zato ba ne. A jihar Andhra Pradesh ta ƙasar Indiya, kafin 2010, kamfanonin ƙaramin rance suna nuna wa duniya littattafan da kusan babu wanda ya kasa biya a cikinsu, masu jari kuma suna ta zuba kuɗi. A ƙarƙashin waɗannan alƙaluma masu kyau, gida ɗaya yana ɗauke da bashin gidajen rance uku ko huɗu, masu karɓa suna tsaye a ƙofa, har labarai suka yawaita na mutanen da suka kashe kansu saboda matsi. A watan Oktoban 2010 gwamnatin jihar ta kafa doka ta taka wa kamfanonin birki, jama'a suka daina biya, tsarin ya rushe cikin ƴan watanni. Ma'aunin bai yi ƙarya ba ko sau ɗaya. Abin da aka tambaye shi ya faɗa. Ba a tambaye shi halin mutane ba.

Wani zai ce ai wannan auna jin daɗin talaka da takarda al'adar Turawa ce, mu tawakkali muka sani. Wannan magana ba ta san tarihinmu ba. Masu tarihi sun ruwaito cewa lokacin da Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ya so ya yanka wa jama'a abinci daga baitulmali, bai yi kintace ba. Ya sa aka auni alkama da wani mudu da ake kira jaribi, aka niƙa, aka gasa, aka tara mutum 30 suka ci da rana suka ƙoshi, aka maimaita da dare, sa'an nan ya yanke cewa jaribi 2 ne ke isar mutum ɗaya a wata. Gwaji ke nan, da ƙirga, da hukunci bisa abin da ido ya gani.

Amma akwai wani labarin nasa da ya fi wannan dacewa da zancenmu. Ya kasance ya kafa ƙa'ida cewa ba a rubuta yaro a cikin masu karɓar rabo sai an yaye shi. Ƙa'ida ce mai ma'ana, domin mai shan nono ba ya cin abinci. Wani dare wasu fatake suka sauka a Madina, ya fita yana gadinsu, sai ya yi ta jin kukan jariri. Ya je ya yi wa uwar magana ba sau ɗaya ba. Ita kuwa ba ta gane shi ba, ta ce masa tana tilasta wa yaron yaye ne tun lokaci bai yi ba, domin Umar ba ya ba da rabo sai ga wanda aka yaye. Da gari ya waye ya sa aka yi shela cewa kada kowa ya gaggauta yaye ɗansa, duk jaririn da aka haifa an rubuta shi. Ku duba, ƴan'uwa. Da ya tsaya ga littafin baitulmali, da abin da zai gani shi ne yawan yaran da ake ba rabo yana ƙaruwa, ya yi hamdala. Ashe ma'aunin da ya kafa shi ne yake raba jarirai da nono. Bai gano haka a ofis ba, sai da ya fita da dare ya ji kuka, kuma matar ba ta faɗi gaskiya ba sai don ba ta san da wa take magana ba. Duk wanda zai auna halin masu bashi, wannan labari ya ishe shi makaranta.

Su ma masu wannan aiki a duniya sun farga, kuma adalci ne mu faɗi abin da suka gwada. Muhammad Yunus, malamin tattalin arziki na Bangaladash, wanda ya fara da ranta wa mutum 42 abin da bai wuce dalar Amurka 27 ba a ƙauyen Jobra a 1976, ya kafa bankin Grameen a 1983, aka kuma ba shi lambar Nobel ta zaman lafiya a 2006, bankinsa ya tsara alamomi 10 na gane gidan da ya fita daga talauci. A ciki akwai rufin kwano, da kwana bisa gado, da ruwan sha mai tsabta, da masai, da gidan sauro, da zuwan yara makaranta, da cin abinci sau 3 a yini duk tsawon shekara, da iya neman magani in ciwo ya zo. Alamomi ne na hankali. Sai dai a cikin goman akwai wadda ta ce gidan yana biyan aƙalla taka 200 a mako, wato girman bashin da kansa ya shiga cikin shaidun fita daga talauci, kuma wannan abin a yi murmushi ne. Daga baya aka fito da wata takarda mai tambayoyi 10 ga kowace ƙasa, irin su da me aka yi daɓen ɗaki, yara nawa ke karatu, akwai rediyo ko babu, a haɗa maki a kimanta ko gidan yana ƙarƙashin layin talauci. A 2015 ƙungiyar Freedom from Hunger da abokan aikinta suka fitar da wasu ƴan tambayoyi na lafiya da ma'aikacin rance zai iya yi: ko abinci ya ishi gidan, ko ana gyara ruwan sha, ko an jinkirta neman magani saboda tsadarsa, har da ko mace tana jin tsoron mijinta. A ganinmu tambayar jinkirin magani ta fi sauran duka nauyi, domin ita ce take kama bashin a daidai inda yake cin naman mai shi.

A wannan shekara ta 2015 kuma aka buga sakamakon bincike 6 da aka yi a Bosniya da Habasha da Indiya da Meziko da Mongoliya da Maroko. Hanyar da suka bi ita ce ƙuri'a: a buɗe ƙofar rance ga wasu unguwanni ko mutane, a bar wasu masu kama da su, bayan lokaci a gwada. Abin da ya fito bai yi wa masu yabo daɗi ba, bai kuma ba masu zagi duk abin da suke so ba. Sana'o'i sun ɗan faɗaɗa, mutane sun sami ƙarin zaɓi wajen juya kuɗinsu, amma a jimlace ba a ga gidaje sun fita daga talauci ba, ba a kuma ga wani babban canji a lafiya ko karatun yara ba. Wannan ya zo ne bayan taron Washinton na 1997 da ya yi alkawarin kai rance ga gidajen matalauta miliyan 100, da shekarar 2005 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa ƙaramin rance. Shekara da shekaru ana ƙirga yawan waɗanda aka ranta wa kamar shi ne yawan waɗanda aka ceta. Sai dai mu lura da kalmar jimla. Idan mace ɗaya ta sami saniya, ɗaya ta rasa akuyarta, lissafin tsaka-tsaki zai ce ba abin da ya faru. A gaban Allah kuwa abubuwa biyu suka faru, kuma na biyun yana da mai amsa shi.

Malamanmu sun bar mana tsarin da ya fi waɗannan takardu zurfi, ko da yake ba don rance suka rubuta shi ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 ta Hijira, da Imam Shaɗibi Bamalike na Andalus, wanda ya rasu a 790, sun bayyana cewa shari'a ta zo ne don tsare abubuwa 5: addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. Dukiya ita ce a ƙarshe a jerin. Rancen da ya ƙara dukiya amma ya sa aka jinkirta kai mai naƙuda likita, ya sayi na biyar da na biyu. Wanda ya hana mace barci har ta fara magana ita kaɗai, ya ci daga hankali. Wanda ya fitar da yarinya daga aji zuwa tashar mota da faranti, ya ci daga zuriya. Wanda ya koya wa mutum rantsuwar ƙarya, ya taɓa addini. Kuma ba a banza Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yawaita neman tsari daga bashi ba. Da aka tambaye shi dalili, sai ya bayyana cewa bashi yana kai mutum ga ƙarya a zance da saɓa alkawari.

Wannan hadisi shi ne ya kawo mu ga babbar matsalar awo. Wanda ake son a tambaya, halin da yake ciki ne yake hana shi faɗin gaskiya. Idan ma'aikacin da ke karɓar kuɗi ranar Laraba shi ne ya dawo ranar Alhamis da takarda yana tambaya ko abinci yana isa, me ake jiran ta ce? In ta ce ba ya isa, tana tsoron a hana ta rance na gaba. In ta ji cewa masu tallafi ne suka aiko shi, sai ta ƙara wa talaucinta gishiri don ta shiga rabo. Ga kuma tarbiyyarmu: mutum yana kwance rai a hannun Allah, ka ce masa ina kwana, ya ce lafiya lau, ka ce yaya jiki, ya ce da sauƙi. Wannan ba ƙarya ba ce, ladabi ne da godiya, amma baƙon da ya rubuta shi a takarda a matsayin amsa ya rubuta iska. Alƙur'ani da kansa, a aya ta 273 ta Suratul Baƙara, ya ba da labarin wasu mabuƙata waɗanda kamun kansu yake sa wanda bai san su ba ya ɗauke su mawadata, ya kuma nuna cewa da alama ake gane su, ba da roƙo ba. Mu ma mun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Takarda ba ta ganin fuska.

Sai kuma lokaci. Wanda ya zo da kaka, rumbu cike, an sayar da wake, ƴan ci-rani ba su tafi ba, zai koma da labari mai daɗi. Ya dawo gidan nan a watan Agusta, hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, tiya ta yi tsada, sauro ya yi yawa, gadajen yara a likita sun cika, zai rantse ba gidan ba ne. Wanda ya ga 2005 a jihar Maraɗi, shekarar da ƙungiyar likitoci ta MSF ita kaɗai ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a ƙasar nan, ya san cewa kasuwa tana iya cika da hatsi yara suna ramewa a bayan katanga. Awon da ba a yi shi a watan wahala ba, tauye mudu ne, ko da mai awon bai yi nufi ba. Haka nan tambayar mai gida kaɗai: shi an zuba masa a akushi ya ƙoshi, bai san cewa uwar yara ƙanzo ta kankare ba.

To tunda haka ne, ko a bar tambayar? A'a. Amma tambaya tana da haƙƙi. Shari'ar da ta hana bin diddigin asirin mutane, ta kuma hana shiga gida ba da izini ba, ba ta ɗauke wannan hani don mai shigowa yana riƙe da takardar furoje ba. Dole a nemi yarda, kuma wadda ta ƙi amsawa kada ƙinta ya taɓa rancenta. Kada mai karɓar kuɗi ya zama mai tambaya. Mace ta tambayi mace, a keɓe, ba a kan tabarmar ƙungiya ba. Abin da aka ji kuma amana ne, ba ya fita da suna. Tambaya irin ta tsoron miji, in aka yi ta a inda kunne zai kai masa, tana iya jawo wa matar dukan da ake son a ƙirga.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne, sani yana wajabta aiki. Wanda bai tambaya ba yana da uzurin jahilci, ko da uzurin mai rauni ne. Wanda ya tambaya aka ce masa an sayar da akuya don a biya shi, ya rubuta, ya aika wa masu ba shi jari a Turai don su ga yana kula, sa'an nan ya dawo mako mai zuwa ya karɓi kuɗinsa cif, wannan ya tona asiri bai rufe ba, kuma ya kafa wa kansa hujja. Aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta wajabta saurara wa mai bashin da ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi, ta kuma nuna cewa yafewa ta fi. Saurarawar nan umarni ne, ba alfarma ba. Kuma ba lalle ne ta kashe gidan rance ba: a birnin Kalkata an gwada mayar da wasu mata daga biyan mako mako zuwa biyan wata wata, sakamakon da aka buga a 2012 ya nuna damuwarsu game da biya ta ragu da kusan rabi, kuma kasa biya bai ƙaru ba. Akwai ma haɗarin da ya fi muni, wato a mai da tambayar lafiya rariya: a gano mai ciwo, da mai tsohon ciki, da mai miji kwance, a tsame su daga rance don littafi ya yi kyau. Ranar da aka yi haka, gara ba a tambaya ba.

A nan kuma akwai rabonmu, mu masu masallatai da ƙungiyoyi. Allah ya sanya waɗanda bashi ya danne a cikin kashi 8 na masu cin zakka, a aya ta 60 ta Suratut Tauba. Sau nawa attajiranmu suka fitar da zakka aka ce ga kason masu bashi? Muna raba ta ɗari biyar biyar a ƙofar gida ga masu layi, alhali wadda ta fi cancanta tana cikin ɗaki tana ƙirga kwanonin da suka rage. Idan awo ya gano ta, ya kamata ya tarar da asusun da zai sauke mata nauyin.

Ba mu manta da maganar riba ba, kuma hukuncinta a wurinmu ba ya canzawa don bashin ƙarami ne ko don sunansa taimako. Ƙasashen sefa sun sauke iyakar ruwan da aka yarda wa waɗannan gidaje daga kashi 27 zuwa kashi 24 cikin 100 a 2014, a 2018 kuma babban banki ya fitar da ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci. Muna maraba da wannan ƙofa. Amma kada sunan Larabci ya ruɗe mu. Wanda ya sayar wa mace buhun gujiya bashi ta hanyar murabaha, cinikinsa halal ne, sai dai in ya tsaya mata a ƙofa ranar da ɗanta ke kwance, akuyar da za ta sayar ba ta san bambancin murabaha da ruwa ba. Halaccin ƙulla ciniki ba ya ɗauke tambayar abin da cinikin ya bari a gida.

Saura tambaya ta biyu, wa zai riƙe tiyar. A kasuwa mun san cewa mai riƙe da ita shi ke da ikon danna hannu ko sassautawa, shi ya sa mai saye yake sa ido, wani ma ya zo da tasa. Ƙasar nan ta ba duniya darasi biyu a kan haka. A 1991, a jihar Maraɗi, ƙungiyar CARE ta fara aikin Mata Masu Dubara, wanda aka gina bisa adashin da iyayenmu suka sani: mata su tara nasu, su ranta wa junansu, akwati a tsakiyar tabarma kowa yana gani, su kuma keɓe wani abu don ciwo da rasuwa. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. Ba mu ce ba shi da abin gyara ba, ƙarin da ake ɗorawa a kan rancen cikinsa ma yana buƙatar duban malamai. Amma mai ba da bashin a nan ta san wadda ɗanta bai kwana ba, domin ta ji kukan ta kan katanga, ba ta buƙatar takarda. Darasi na biyu daga Mirriya ya fito, inda ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka koya wa iyaye mata auna damtsen ƴaƴansu da ɗan zaren nan mai launi uku, wanda jansa yake nuna damtsen da bai kai milimita 115 ba. An ga cewa uwa tana iya awon kamar yadda ma'aikacin unguwa yake yi, kuma tana kawo yaro da wuri, domin ita ce take tare da shi kullum. Babu asirin da ya tonu, tunda ma'aunin yana hannun mai asirin.

Haka muke so a yi da rance. Kafin mace ta karɓa, a zauna da ita ta faɗi da bakinta abin da take so kuɗin su yi mata: hatsi ya kai ta kaka, ko yara su zauna a makaranta, ko ta daina sayar da dabba in ciwo ya zo. In wa'adi ya cika, da wannan za a gwada, ita da ƴan ƙungiyarta, ba da jerin da aka rubuto daga wata ƙasa kaɗai ba. Gidajen rance da yawa a ƙasar nan na mambobinsu ne, suna da babban taro na shekara, kuma mamba yana da ikon ɗaga hannu. In aka gama karanta yawan waɗanda suka biya, a nemi akawu ya karanta, ba tare da ambaton sunan kowa ba, mutum nawa ne suka sayar da dabba ko kayan ɗaki don su biya, nawa ne suka ranto a wani wuri, nawa ne suka jinkirta zuwa likita a tsakanin Yuli da Satumba, da kuma nawa ne aka saurara wa a shekarar, har tsawon wata nawa.